Gidanka ba tsufa ya yi ba, ruwa ke cin sa tun daga ƙasa

Yau babu saitin waya, babu dabarar rage shan data. Zan taɓo abin da ya fi waya tsada nesa ba kusa ba, wato ɗakin da kake kwana a ciki kai da iyalinka. Na san wasu za su ji haushi, musamman masu buga bulo da wasu birkiloli da masu gidajen haya. Ku yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ka shiga kowace sabuwar unguwa ka duba gindin bango, daga ƙasa zuwa gwiwa, wani wurin har ƙugu. Fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, wani farin gari kamar kanwa ya fito, filasta tana zuba in ka taɓa ta da yatsa. Gidan nan fa bai shekara shida ba. Ka tambayi mai gidan, amsa ɗaya ce: "Ai wurin nan gishiri gare shi." Sai ya bari Sallah ta matso ya sake fenti, damina ta zo ta cinye, ya sake. In ya gaji ya manna tayil har ƙugu ya ce ya yi maganin abin.

Maganata ita ce: mun iya kashe kuɗi a abin da ido ke gani, mun iya rowa a abin da ƙasa da filasta za su rufe. POP mai fitilu kala-kala, tayil mai sheƙi, ƙofar Turkiyya, duk akwai kuɗinsu. Ledar da za a shimfiɗa a hana ruwa hawa bango kuwa, sai a ce "bar shi kawai, haka kowa ke yi." Daga baya gini ya fara rubewa mu ce ƙaddara.

Wani zai ce, kai da ke gyaran waya me ya haɗa ka da gini? Ruwa ne ya haɗa mu. Waya ta faɗa ruwa, mai ita ya goge ta, ya tura ta cikin shinkafa, ta kama aiki, ya ce alhamdulillahi. Bayan sati biyu caji ya tsaya. In ka buɗe za ka ga tsatsa kore da fari ta cinye ƙafafun kayan da ke kan fanel, a waje kuwa tana nan fes. Abin da ke faruwa da waya a sati biyu shi ke faruwa da gini a shekara biyar zuwa goma.

GISHIRI BA SHI DA ƘAFA

Gaskiya ne akwai gishiri a ƙasa, har a yashi da ruwan da aka kwaɓa da shi. Amma wa ya ɗauko shi ya hau da shi bango? Bulo da filasta cike suke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. In gindin bango yana zaune a ƙasa mai laima, yana tsotsar ruwa ne kamar yadda lagwanin fitila ke jan kalanzir. Ruwan ya hau da gishiri narke a cikinsa, ya kai inda iska ke busar da shi, ruwan ya tafi, gishirin ya zauna. Gobe wani ya zo ya ƙaru. Gishirin nan yana daskarewa yana girma a bayan fenti da cikin filasta, yana tura su waje. Shi ya sa ɓarnar take tsayawa wajen mita ɗaya daga ƙasa, a nan ne ƙarfin tsotson ke ƙarewa.

Maganinsa shi ne abin da ake kira DPC. Matsalar ita ce mun mai da kalmar sunan mataki. "Ginina ya kai DPC" a wajenmu yana nufin bulo ya fito daga rami ya kai inda za a yi ciko. Asalin DPC kuwa shamaki ne da ke raba ginin ƙasa da ginin sama don kada ruwa ya wuce. Bayan an yi ciko an daddale shi sosai, a baza yashi mai laushi, a shimfiɗa leda mai kauri ta rufe duk faɗin gidan har ta hau kan bulon harsashi, inda leda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya da faɗi, kada a bari tsakuwa ko takalmin lebura ya huda ta, sannan a zuba kankaren jaman fulo a kai. Gida nawa ka ga an yi wa haka a unguwarku? Da yawa ko jaman fulon ba a yi, bulo ake ɗorawa kan bulo har linta, daga baya a zo a yi daɓe.

Kuma shamakin nan dole ya zama yana sama da ƙasar waje da aƙalla santimita 15, kusan tsawon wayar da ke hannunka. Wannan mafi ƙaranci ke nan. A garuruwanmu layi tashi yake yi: maƙwabci ya zuba burji a ƙofar gidansa, na gaba ya zuba wanda ya fi nasa, gwamnati ta zo ta yi kwalta ko intalok. Shekara goma sai ka ga ana gangarawa cikin gidan da a da ake hawa. Ranar da ƙasar waje ta haura DPC, shamakin ya tashi aiki. In kana gini a layin da ba a yi wa titi ba, ka ɗaga da layin bulo biyu ko uku sama da hanya. Kuɗin ciko zai yi maka ciwo yau, amma ba kamar kwasar ruwa da bokiti ƙarfe biyun dare a watan Agusta ba.

Shi kuma tayil da ake mannawa a bango mai laima, daidai yake da sa wa waya sabon gilashi alhali fanel na tsatsa. Ka toshe wa ruwa inda yake fita, to zai ƙara hawa ya fito a saman tayil ɗin, ko ya ɓullo ta cikin ɗaki bayan kujera da durowa. Nan ne za ka ji ɗaki na warin rima, kaya na yin fumfuna, akwatin soket na ƙarfe ya yi tsatsa, da damina a ce "bangon nan yana ja." Bango mai ruwa da wayar wuta a ciki ba abin wasa ba ne, ga yara suna dafa shi.

MALAM MAI BULO, TSAKANINKA DA ALLAH

Buhun siminti kilo 50 ne, wajen kwanon sarki biyu. Haɗin bulo mai kyau shi ne siminti ɗaya, yashi shida, wato buhu ɗaya ga kwanon sarki 12 na yashi. Ka tsaya a wurin buga bulo ka ƙirga baro nawa ake juyewa kan buhu ɗaya. Za ka ga ana ta ƙara yashi har launin siminti ya ɓace, saboda kowane bulon da aka ƙara riba ce. Sannan a buga da safe, a yayyafa masa ruwa sau ɗaya, jibi a loda a mota.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba. Haɗuwa yake yi da ruwa a hankali, yana ɗaure yashi da tsakuwa. In ruwan ya gudu da wuri, aikin ya tsaya a nan. Shi ya sa ake ba bulo da kankare ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, kuma sai kwana 28 suke kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Yanzu ka tuna zafin watan Maris da Afrilu, ko busasshiyar iskar hunturu, ka ga bulon da aka shanya a fili ba rufi ba ruwa. Ya bushe, eh. Amma bai nuna ba.

Bulo maras siminti ya fi ƙofofi, don haka ya fi shan ruwa, ya fi saurin rubewa. Gwajinsa ba ya buƙatar injin komai. Ka karce shi da makulli ko ƙusa, in yana zuba kamar garin kwaki, ka bar musu kayansu. Ka ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka sake shi a ƙasa mai tauri, mai kyau zai iya ɓallewa a gefe, maras kyau watsewa zai yi. Ka duba wurin da ake sauke lodi: in ɓaraguzai sun yi tsibi tun kafin a fara gini, ka ga amsarka.

Yashi ma haka. Ka samu gorar ruwa, ka zuba yashin zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye na wasu awoyi. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a samansa. In kaurin lakar ya doshi kashi ɗaya cikin goma na yashin, wannan ba na kankare ba ne. Laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta. Simintin da ya kwana watanni a shago ya sha laima ya yi ƙulalai masu tauri kuwa, ya riga ya yi rabin aikinsa a cikin buhu. Wai a farfasa a tankaɗe a yi amfani da shi. Haba!

Ba mai bulo kaɗai ke da laifi ba. Alhaji ne ke zagaya wuri biyar yana neman inda ya fi araha da naira ashirin. Mai bulon kirki ya faɗi kuɗinsa, a ce ya cika tsada, a tafi wajen mai yashi zalla. To wa ya koya wa kasuwa algus? Araha dai ba ta ado.

RODI: BATIRIN DA KE KUMBURA A CIKIN GINI

Duk wanda ya taɓa ganin batirin waya ya kumbura ya ɗaga sikirin zai gane wannan da sauri. Rodi a cikin kankare mai kyau ba ya tsatsa, kankaren ne ke kare shi. Amma in kankaren da ya rufe shi siriri ne, ko mai ramuka ne, iska da ruwa suna isa gare shi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, ninki biyu ko fiye. Sai ta tura kankare daga ciki, ya tsage a tsaye daidai layin rodin, ruwa ya ƙara samun hanya, tsatsa ta ƙaru, wata rana ɓangare guda ya faɗo. Hausawa sun gama magana, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka ɗaga kai ka duba ƙasan baranda da matakalar benaye da yawa, za ka ga rodi tsirara ya yi ja.

Abin da ke hana wannan ƙaramin abu ne har ya ba ka dariya: 'yan guntayen kankare da magina ke kira biskit, ana sa su ƙarƙashin rodi da gefensa don ya ɗaga daga katako. Ana son kankare ya rufe rodi da wajen santimita 2 zuwa 2 da rabi a dekin da fila, a cikin ƙasa kuwa wajen santimita 5. Kusan kyauta ne. Amma sai a shimfiɗa rodi kwance a kan katako, leburori su bi ta kai da baro, a zuba kankare. Ranar da aka cire katako kana ganin zanen rodin a ƙasan dekin, sai a yi maza a shafe da filasta kafin mai gida ya zo.

Ga kuma rodin da ba ya cika. A ce maka mai 12 ne, a zahiri bai fi 10 da ɗoriya ba. Kada ka ce milimita biyu ce kawai. Ƙarfin rodi yana bin faɗin bakinsa ne, kuma mai 10 bai kai mai 12 ba da kusan kashi 30 cikin 100. Ka cire kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfen da ke riƙe da bene, ka ce ba komai? Ido zai iya ruɗuwa, sikeli ba ya ruɗuwa. Ka sa a yanko maka mita ɗaya daidai ka ɗora a sikeli. Mai 10 ya kamata ya kai wajen giram 620, mai 12 wajen giram 890, mai 16 wajen kilo 1 da giram 580. Sandar mai 12 guda mai tsawon mita 12 tana kusan kilo 10 da rabi da ɗan ɗori. In ka ga ya gaza sosai, ba abin da ka biya aka ba ka ba.

Sai kwaɓin kankare. Haɗin da aka saba da shi a ƙananan gidaje shi ne ɗaya, biyu, huɗu: buhu ɗaya, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Ruwa kuma wajen jarka ɗaya mai lita 25 ga buhu, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Leburori sun fi son ya yi ruwa kamar koko don ya yi sauƙin ɗiba da zubawa. Duk ruwan da ya wuce kima, in ya bushe rami yake bari a ciki, ramin nan kuma shi ne hanyar da laima za ta bi ta kai ga rodi. A zuba ba a soka shi ya zauna ba, ya fito kamar saƙar zuma. A cire tokara bayan kwana goma saboda kafinta na son kai katakonsa wani aiki, alhali sati uku ya kamata a bari. Kowanne a cikin waɗannan ƙaramin ha'inci ne. In suka taru a gini ɗaya sai a kira su tsautsayi.

RUFIN GAYU

Yanzu yayi ne a ɓoye rufi a bayan farafet, gida ya fito kamar akwati, wai irin na Dubai. Dubai ruwan sama nawa take samu? Mu nan ruwan shekara guda a wata huɗu yake sauka, mafi yawansa a Yuli da Agusta, da iska da ƙarfi.

Mu yi lissafi. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Gida mai rufin murabba'in mita 150, in aka yi ruwan milimita 40 a dare ɗaya, lita 6,000 ke nan. Jarka 240. Kurar 'yan ga-ruwa mai jarka 12 sau 20. Duk wannan ruwan ka tara shi a wata 'yar kwata ta kankare a bayan farafet, ka ba shi bututu biyu sirara ya fita. Leda ɗaya da ganye da ƙurar hunturu sun isa su toshe su. Ruwa ya taru ya koma ƙarƙashin kwano, ya sauka kan POP ɗin da aka kashe wa dukiya, ya jiƙa katako, gara ta samu abinci, ya bi bango ya gangaro. Ga baƙin zane nan a goshin gidaje kamar hawaye, kowa na gani.

In dole sai ka yi irin wannan rufin, kwatar ta zama mai faɗi da gangara, a shafe ta da abin hana ruwa, bututu su zama manya kuma da yawa, a bar ƙofar ko-ta-kwana da ruwa zai fita waje in bututu ya toshe, saman farafet a yi masa hula mai ɗan baki da zai ɗigar da ruwa nesa da bango. Sannan duk watan Mayu wani ya hau ya share. In ba za ka iya wannan ba, ka yi rufinka mai baki da ya leƙo waje ya yi wa bango inuwa. Ba gayu, amma bangonka a bushe.

Masu sa sola, ku ma ku ji. A hau rufi a huda kwano a ɗaura faranti, a toshe ramin da ɗan gam, rana ta gasa gam ɗin shekara ɗaya ya tsage. Wutar ta samu, silin ya tafi.

KAKANNINMU SUN FI MU TSORON RUWA

Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da ƙasa aka yi shi. Hasumiyar Gobarau a Katsina, ƙasa ce. Hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sake gina ta a 1844, ƙasa ce, tana nan tsaye. Ba cewa nake a koma ginin tubali ba, gidajen ƙasa ma suna faɗuwa duk damina in aka yi sakaci da su. Abin lura shi ne maginan da sun san abokin gabarsu. Bango mai kauri a gindi yana sirancewa a sama. Dakali a jikin bango, wurin zama ne kuma yana kare gindin gini daga ruwan da ke fantsama. Indararo mai tsawo da ke jefa ruwa can nesa. Azara ta giginya wadda gara ba ta cika damunta ba. Makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, don ruwa ya zame. Sama da duka, yaɓe kafin damina. Sun san gini abu ne da ake kiwo.

Mu kuma da siminti ya zo sai muka ɗauka an gama, gini ya zama dutse. Har gidan ƙasar ma muka bi muka shafe da filastar siminti, laima ta maƙale a ciki, ƙasar ta rube a ɓoye, wata rana filastar ta ɓanɓaro gaba ɗaya kamar ɓawon rogo. Indararo muka mai da shi guntun bututu da ke tsiyaya a jikin bango. Sokawe muka haƙa dab da harsashi. Ruwan wanke-wanke da na alwala yana kwanciya a gindin katanga shekara da shekaru.

"ƘADDARA CE"

Ranar 30 ga Agustan 2022 bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano, aka rasa rai, wasu suka jikkata. Ranar 1 ga Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas, mutum sama da 40 suka mutu. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saint Academy a Jos ya faɗo kan ɗalibai, mutum 22 suka rasu. Waɗannan su ne suka shiga labarai. Katangar da ta faɗa kan yara a lungu, da silin da ya rufto kan mai jego, a unguwa ake jin su, a yi ta'aziyya, a watse.

Mun yi imani da ƙaddara, babu mai jayayya. Amma wanda ya rage siminti da hannunsa, ya sayi rodin da ya san bai cika ba, ya ɗora hawa biyu kan harsashin da aka yi don gida flat, ya ɗora tankin lita 2,000 wanda nauyin ruwansa kaɗai tan 2 ne a kan dekin da ba a lissafa da shi ba, wannan kada ya ɓuya a bayan ƙaddara. Tauye mudu a kasuwar hatsi sunansa tauye mudu. A wurin gini ma sunansa ke nan, sai dai a nan rai ake tauyewa.

Na san amsar da za a ba ni: siminti ya yi tsada, rodi ya yi tsada, talaka ya samu ya rufa wa kansa asiri. Wallahi gaskiya ne, babu wanda bai ji a jikinsa ba. Amma duba abin da na lissafa. Leda, biskit, ban ruwa, rage ruwa a kwaɓi, barin tokara ta cika kwanakinta, share kwata. Nawa ne kuɗinsu in ka haɗa da kuɗin tayil ɗin falo? Yawancinsu haƙuri da tsayawa a kan aiki suke buƙata. Kuma gidajen da suka fi wannan ciwon ba na talakawa ba ne kaɗai, har da masu get na miliyoyi. In kuɗi bai kai ba, ka rage ɗaki, ka shiga da daɓen siminti, ka bar fenti sai baɗi. Tayil zai jira ka, POP zai jira ka. Harsashi da DPC da rodi kuwa sau ɗaya ake yin su. Tun ran gini tun ran zane.

Hukumomi akwai. SON na kula da ingancin kaya, COREN na rajistar injiniyoyi, CORBON na rajistar magina, a Kano KNUPDA ke ba da izinin gini, ƙasa kuma tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. Amma babu jami'in da zai kwana a filinka yana ƙirga kwanon yashi. In bene za ka yi, ka nemi injiniya mai rajista ya yi lissafi ya kuma zo ya duba rodi kafin a zuba kankare. Birkila komai ƙwarewarsa, "haka muka saba yi" ba lissafi ba ne.

IN ZA KA KAMA HAYA KO KA SAYI GIDA

1. Ka je dubawa da damina, ko washegarin ruwa. Gidan rani kowa kyakkyawa ne.

2. Ka kunna fitilar wayarka ka kwantar da ita a jikin bango, hasken ya bi bangon a kwance. Duk kumburi da facin da aka ɓoye da sabon fenti zai fito.

3. Ka ƙwanƙwasa filasta da tayil da makulli. In ka ji ƙarar fanko, sun rabu da bango.

4. Ka duba silin ko akwai zanen ruwa, ka duba ƙasan dekin da fila ko akwai jan tsatsa.

5. Ka kwatanta tsayin daɓen gidan da na titi, ka ga ina ruwan tsakar gida ke fita.

6. In akwai tsaga, ka ɗauki hotonta da kati ko tsabar kuɗi a gefe, ka sake ɗauka bayan wata ɗaya. Siririya kamar gashi a filasta yawanci ba komai ba ce. Wadda ke tafiya a karkace kamar matakala, ko take ƙara buɗewa, ko ta bi fila da bim, ko ƙofofi suka fara ƙin rufuwa, wannan a kira injiniya. In dekin ya lotsa, ko kankare na zubowa, ko ana jin ƙara, a fitar da mutane tukuna sannan a yi shawara.

Masu gidan haya da ke shafa fenti a kan tsaga kwana biyu kafin mai haya ya zo gani, ku ji tsoron Allah. 'Ya'yan wani ne za su kwana a ƙarƙashinta.

Birkiloli da masu bulo na kirki, na san kuna nan kuma kuna da yawa, ku ne ake ƙi a ce kun cika tsada. Ku fito ku faɗi abin da kuke gani a wurin aiki, wanda yake ganin na yi masa ba daidai ba shi ma ga fili nan, ya kawo hujjarsa. Wanda kuma yake da ɗan uwa da ke kan gini yanzu, musamman wanda bai kai ga zuba jaman fulo ba, ya tura masa wannan tun kafin a rufe. Allah Ya ba mu muhalli mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu. Amin.